Abubuwan da ya kamata ka sani game da cire iska da ɗaura mastan birki

Mene ne masta?

Idan aka ɗaga murfin injin mota, a jikin bangon da ya raba inji da ƙafafun direba za a ga wani baƙin tulu mai faɗi, gabansa kuma da guntun ƙarfe ɗauke da kofin roba a ka. Tulun shi ne sabo, mai ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Guntun ƙarfen kuwa shi makanikai ke kira masta. Idan aka taka feda, masta ne yake matsa man birki ya bi bututai har ya damƙe tayoyin nan huɗu. A cikinsa akwai fistin biyu a jere, wato sandunan da ke tura mai, kowanne da robobinsa da layinsa. Tun ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta wannan tsari, domin idan layi ɗaya ya fashe, ɗayan ya tsayar da mota.

Dalilin da iska take ɓata birki

Mai ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da aka sa masa a wannan baki, shi zai kai wancan bakin. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso, don haka idan ta shiga layi, takun direba yakan ƙare wajen matse kumfa kafin ya isa taya. Feda ta yi laushi ke nan, sai an yi ta famfo kafin ta kama.

Sabon masta a cike yake da iska. Ga shi a motoci da yawa ba a kwance yake zama ba, kansa a ɗan ɗage yake, sai kumfa ta taru a lungun da mai ba ya wanke ta. Wannan ne ya sa wani zai ɗaura masta, ya zagaya tayoyi sau uku yana cire iska, ya ƙarar da gwangwanin mai biyu, amma feda ta ƙi tsayawa, har ya zargi kayan da cewa jabu ne.

Cire iska a kan benci

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne gishirin aikin. Ana ɗaure masta a bais, wato maƙalin ƙarfe na kan benci, a kama shi ta kunnuwan da ake ɗaura shi da su. Ba a matse cikinsa, domin ramin fistin yana iya lanƙwasa. A tabbatar ya kwanta daidai, ba gaba ba baya. Sai a ɗaura gajerun tiyo a ƙofofin fitar mai, a lanƙwaso bakunansu su nutse cikin kofin, a zuba sabon mai.

Daga nan a sa sanda mai dasasshen baki a tura fistin a hankali, kamar santimita 2, a sake shi a hankali, a jira daƙiƙa 15 kafin a sake turawa. Jiran yana da dalili: a lokacin ne mai ke sauka daga kofi ya cike gurbin iskar da ta fita. Mai gaggawa yakan kaɗa man ya koma ƙananan kumfa masu wuyar fita. Kuma kada bakin tiyo ya fito daga cikin mai, in ba haka ba fistin zai zuƙo iska a kan hanyarsa ta komawa. Da farko manyan kumfa za su riƙa tasowa, sannan ƙanana. Idan mai kaɗai ke zagayawa, an gama, sai a toshe ƙofofin.

Ɗaurawa

Kafin a kwance tsohon mastan, a taka feda sau da yawa inji a kashe har ta yi tauri, a zuƙe man da ke kofi, a cire wayar fitilar gargaɗi, a shimfiɗa tsumma, don man birki yana cin fenti. Idan an cire mastan a leƙa bakin sabo. Samun mai a wurin alama ce robar bayan masta ta daɗe tana yoyo, kuma mai yiwuwa tulun sabo ma ya taɓu.

Sandar da ke fitowa daga sabo dole ta zauna daidai a bayan fistin. In ta yi tsawo, za ta toshe ƙaramar ƙofar da mai ke komawa kofi, birki ya riƙa kamawa da kansa idan mota ta ɗau zafi. In ta yi gajarta, feda ta yi nisa. Notocin bututu kuma da hannu ake fara murza su, sai sun shiga sumul sannan a kawo sifana, domin zaren masta ba ya jure gardama.

Zagayen tayoyi

Bayan an ɗaura masta, sai a cire iskar da ta rage ta wajen tayoyi; mutum biyu ke wannan aiki. Na cikin mota ya taka ya riƙe, na ƙasa ya buɗe ƙaramin notin cire iska, ya rufe, sannan ya ce, "Saki." Idan aka saki feda kafin a rufe, iska ta koma. Yawanci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta dama a motar da sitiyarinta ke hagu, amma wasu motoci suna da nasu jerin a littafin kamfani. Wasu masu ABS, tsarin da ke hana taya ƙamewa, sai an jona musu na'urar gwaji. Kada a bar kofi ya ƙafe.

Irin man da ya dace yana rubuce a kan murfin kofi. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma suna shan laimar iska. Idan suka jiƙa, ma'aunin yakan faɗo zuwa 140 da 155, shi ya sa ragowar gwangwanin da ya daɗe a buɗe bai dace ba. DOT 5 kuwa jinsinsa daban ne, ba a gauraya shi da su.

Gwaji kafin hawa titi

A danna feda a riƙe ta rabin minti. Idan tana sulalewa ƙasa, akwai yoyo a waje ko a cikin mastan. A tayar da inji ƙafa na kan feda: za ta ɗan sauka ta tsaya, alamar sabo na aiki. Sai a goge kowane noti a sake dubawa ko ya jiƙe, a gwada motar a hankali a fili inda ba mutane, a dawo a duba ko man kofi yana nan tsakanin layukansa biyu.