Horar da Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Idan mai kanti yana lissafin canji da ka, yakan riƙe kuɗin kaya a zuci har ya gama ɗebewa. Wannan riƙo na ɗan lokaci shi masana ke kira tunanin aiki. Alan Baddeley da Graham Hitch na Ingila ne suka bayyana tsarinsa a 1974. Riƙon ba shi da yawa, domin mutum yakan riƙe abu kamar 4 ne a lokaci guda.

Ganin haka, sai masana suka nemi sanin ko horo zai ƙara shi. A 2004, Torkel Klingberg da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka horar da mutane har mako 5, sa'an nan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Sun ga aiki ya ƙaru a sashen goshi da sashen saman kai. Wasu binciken kuwa sun ga raguwar aiki a waɗannan sassa bayan horo, watau kamar ƙwaƙwalwa ta saba, tana yin aikin da sauƙi.

Amma canji a hoto bai isa hujjar ƙaruwar basira ba. A 2010, Adrian Owen da gidan BBC suka gwada mutum 11,430 har mako 6. Mutanen sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta ratsa zuwa sauran ayyukan tunani ba. A 2013, Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka tattara bincike da dama, suka tarar amfanin horon yana tsayawa ne ga ayyuka masu kama da shi. Bugu da ƙari, a 2016 kamfanin da ke da Lumosity ya amince ya biya hukumar kasuwanci ta Amurka dala miliyan 2 saboda tallar da ba ta da hujja.

Saboda haka ana kira ga jama'a, musamman iyaye da malaman makaranta, da su yi hattara da wasannin waya masu alkawarin ƙara wa yaro basira, kada a kashe musu kuɗin littafi. Yaron da ake so ya iya lissafi, a koya masa lissafin. A kuma rage wa ƙwaƙwalwa kaya ta hanyar rubuta abin da ake tsoron mantawa, da raba lambar waya mai alƙaluma 11 gida uku. Haka kuma a tabbata yara suna samun isasshen barci.