Ɗalibin da jami'a ta ƙi karɓa: ina mafita?

Bayan jarrabawar bak, akan samu ɗan Bazaga ya kai dosiye jami'a, a mayar masa. Sai uba ya ce yaro ya bi shi kasuwar Ƙonni. Wannan gaggawa ce. Kafin 2010 jami'ar gwamnati ɗaya ce tak, ta Abdou Moumouni a Yamai. A shekarar aka kafa na Tawa, Maraɗi da Damagaram, a 2014 aka ƙara huɗu. Sakkwato ma ba nisa, sai dai sakamakon JAMB na shekara guda ne, dole a sake zana jarrabawar. Jama'a, a bar yaro ya binciki dalilin ƙin, ya cika takardunsa, ya sauya fanni in ta kama, ya sake nema baɗi.