HOTON FURE: YADDA MANOMI ZAI KAI GONARSHI GABAN MALAMIN GONA

A Tsibiri, garin Sarkin Gobir, da Jiratawa da sauran ƙauyukan bakin Gulbin Maraɗi, wake yana fure cikin tsakiyar damana. Lokacin ne manomi yake cin riba ko ya yi hasara. In fure ya zube, babu wake, sai harawa.

Ƙwarin da ke zubar da furen ƙanana ne ƙwarai. Akwai wasu baƙaƙe, ba su kai ƙwarƙwata ba, suna ɓoye cikin fure suna shan ruwanshi. Akwai kuma wata tsutsa mai ɗige-ɗige a baya. Ita tana huda fure ta ci cikinshi, ta bar kashi da zare kamar saƙar gizo-gizo. Da, sai manomi ya tafi wurin malamin gona ya ce: wakena na zubar da fure. Malami kuwa bai gani ba. Magana kaɗai ba ta nuna wane ƙwaro ne.

Yanzu wayar salula mai hoto ta sauƙaƙa abin. A shekarar 2017 ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar, ta buɗe wurin amsa tambayoyin manoma ta waya. Manoma suka riƙa aika hotunan shukarsu ta WhatsApp, ana ba su amsa da Hausa. Ga kuma masu binciken noma na INRAN a Tarna, nan kusa da Maraɗi. Amma hoto in ya yi dishi-dishi, ko babban masani ba ya gane komi cikinshi.

Ɗaukar hoton fure tana da lokacinta. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin tsakar rana ya rufe. Don haka a fita da safe, iska ba ta taso ba. A fara goge idon wayar da bakin riga mai tsabta, don ƙura da maiƙon hannu su ne ke ɓata yawancin hotuna. Mai ɗauka ya ba rana baya, amma kada inuwarshi ta rufe furen.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kusantowa da yawa. In waya ta kusa taɓa fure, idonta ba ya gani sosai. A bar kamar taƙi guda tsakani. A dangwala yatsa bisa gilashin, daidai wurin furen, a jira ya fito tangaran. A dafa gwiwar hannu bisa gwiwar ƙafa don kada hannu ya yi rawa. In ganye ya yi yawa a baya, wani ya tara tafin hannu bayan furen. A aje tsinken ashana kusa, don malami ya san girman ƙwaron.

Hoto guda bai isa ba. A ɗauki shukar gaba ɗaya, a ɗauki furen, sannan a tsaga shi da farce a ɗauki cikinshi. Wannan na ƙarshe shi ya fi amfani. Wanda rubutu bai zauna mishi ba tukuna, ya aika da murya: sunan gari, irin waken, da ranar shuka.

Makiyaya ma abin ya shafe su. Garmani, mai ɗorawan fure, ya cinye makiyaya da burtali da yawa a jihar Maraɗi. Haki kuwa an fi gane shi ta furenshi.

Ba kowa ke da irin wannan waya ba, kuma ba dole ba ne. Waya guda ta ishi unguwa in mai ita ya yarda ya koya ma wasu. Koyarwar ba ta allo ba ce. A gona ake yinta, mutum huɗu ko biyar, kowa ya riƙe wayar da hannunshi ya ɗauka, a zauna a gwada hotunan a ga wanda ya fi fita da dalili. A kira mata, don da yawansu suna da gamanarsu ta wake. Sayen maganin feshi kuwa, ya jira sai amsar malami ta zo.