Itatuwan gawo na Magarya da aka hango daga sararin samaniya

Duk wanda ya bi hanyar Yekuwa cikin rani, a gundumar Magarya da ke kudancin jihar Damagaram, zai ga gonaki sun bushe an gama girbi, amma itatuwan gawo tsaye kore shar. Haka gawo yake: yana zubar da ganye da damina, sai ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abin ci. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan itatuwa sun shiga tarihin binciken sararin samaniya.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, labarin da duniya ta riƙe game da Nijar ɗaya ne, wato hamada na cinye ƙasa. Manoma kuwa sun riga sun fara wani abu daban. Maimakon su sare duk tsiron da ya fito a gona lokacin shara, sai su zaɓi masu ƙarfi su gyara su bar su girma, abin da ake kira sassabin zamani. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun 1983, amma a ƙasar Magarya, Matamaye da Mirriya yawancin aikin na manoma ne da kansu, suna koyi da maƙwabta.

Ba wanda ya san girman abin sai da aka duba daga sama. Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, USGS, ya ɗora tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 kusa da sabbin hotunan tauraron ɗan adam, ya ga ƙauyuka da dama sun fi yawan itatuwa fiye da da, duk da cewa jama'a ta ƙaru. Shi da Chris Reij da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka kai ga ƙiyasin da ake ta ambato har yau: kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, ba tare da gwamnati ta dasa su ba. A 2023 kuma, wani bincike da masanan NASA da Jami'ar Kopenhagen suka wallafa ya ƙirga itatuwa kusan biliyan 10 ɗaya bayan ɗaya, daga gaɓar Atilantika zuwa Bahar Maliya, ta hanyar horar da kwamfuta ta gane kan itace a hoto.

A nan ne siyasar hukumomin sararin samaniya ke shigowa gonar manomi. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun daga lokacin jerin taurarin ke ɗaukar hoton doron ƙasa. Biyu da ke aiki yanzu, Landsat 8 da Landsat 9 wanda aka harba a Satumban 2021, suna shawagi a nisan kilomita 705, kuma a tsakaninsu suna sake wucewa ta kan wuri ɗaya duk kwana 8. Shekaru da yawa hoton guda ɗaya sai da ɗaruruwan daloli. A 2008 aka buɗe rumbun kyauta. Turai ta bi sahu da taurarin Sentinel. Shi ya sa ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, in yana da kwamfuta da intanet, zai iya sauke hoton ƙasar Yekuwa na shekaru 40 da suka wuce bai biya ko dala ba.

Sai dai kyautar da ke hannun wani ba ta da tabbas. A 2025 Fadar White House ta gabatar da kasafin da ya nemi a zaftare wa NASA kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, aka kuma sa shirin Landsat na gaba cikin waɗanda za a sake wa fasali. Muhawara ce da ake yi a Washington, amma ta shafi cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda tun 1974 take bibiyar damina da amfanin gona a Sahel, kuma da hotunan taurarin wasu ƙasashe take yawancin aikinta.

Nijar ta ce tana son nata. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin mulkin soja ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurari uku: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na rada. Hujjar da aka fi bayarwa ita ce tsaro da sa ido kan iyakoki, kuma ba wanda zai raina wannan buƙata a halin da ƙasar ke ciki. A Afrilun 2025 kuma aka ƙaddamar da Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a birnin Alkahira. Najeriya, da ke maƙwabtaka da Magarya, ta riga kowa a yankin, domin ta harba NigeriaSat-1 tun 2003, amma hakan bai sa hotunanta sun zama abin da malamin gona a Ɓaɓura ko Daura ke buɗewa a wayarsa ba.

Mallakar tauraro daban, barin jama'a su ga abin da ya ɗauko daban. Hoton da aka sa wa tambarin sirrin soja ba zai nuna wa magajin garin Yekuwa inda ake sare gawo ana kai wa kasuwa ba, ba zai nuna wa makiyayi inda burtali ya toshe ba. A 2020 Nijar ta fitar da dokar da ta amince manomi na da haƙƙi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. In rigima ta taso kan wanda ya rena wane itace da kuma yaushe, tsohon hoto daga sama na iya zama shaida, matuƙar akwai wanda zai iya buɗe shi a Magarya ko Dungass ba sai an je Yamai neman izini ba.