Taya Ita Ce Ƙafar Mota

Na sani da ganin kan maganar nan wata za ta ce, "Af, Malama, ina ruwan biri da gada? Mu da ke cikin gida, me ya haɗa mu da tayar mota?" To, ku yi haƙuri ku saurara tukuna. Wace ce a cikinmu ba ta shiga mota? Mu ne masu zuwa awo asibiti, mu ne masu rakiyar amarya, 'ya'yanmu ne kuma ake ɗauka zuwa makarantar kwana in hutu ya ƙare. Har wa yau in maigida yana da 'yar motarsa, ko ta hawa ko ta haya, ran da tayoyi suka ƙare sau da yawa kuɗin adashenmu ne ko 'yar akuyarmu ke cika masa. Wadda ta ba da kuɗinta, ta kuma shiga motar da 'ya'yanta, ai ta isa ta san abin da aka sayo.

Ga abin da ya buɗe mini ido. A bazarar 2024 yayana ya ɗauke mu, ni da Gwaggo da yara biyu, daga Batsari za mu Katsina dubiya. A makon ya sayo tayoyi biyu na hannu, baƙaƙe wuluk suna sheƙi, yana ta murna ya sami araha. Muna cikin tafiya da rana tsaka sai muka ji kamar an harba bindiga, mota ta shiga lilo, Gwaggo tana salati, yara suna kuka. Da kyar ya tsayar da ita a gefen hanya. Aka ciro safaya, ashe ita kuma ba iska. Nan muka zauna har bayan la'asar. Ku da ke Batsari da Safana da Runka, maƙwabtan dajin Rugu, ba sai na gaya muku abin da yankinmu ya gani na 'yan bindiga tun wajen 2019 ba, kun san yadda zuciyar mace ke bugawa in mota ta mutu a daji rana tana sunkuyawa.

Muna zaune ina duban fasasshiyar tayar, sai na ga rubutu birjik a gefenta, har da lamba 3312 da wani ɗan zane mai kama da dutse. Daga baya na bincika ma'anarsu. Ashe tun shekarar 2012 aka ƙera ta, kuma domin ƙasar sanyi aka yi ta. Duk labarinta yana rubuce a jikinta, karantawa ce ba mu yi ba. Saboda haka na yi niyyar in koya muku karatun taya.

Da fari mu san aikinta. A ƙaramar mota, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A bisa waɗannan tafuka huɗu ne birki ke kamawa, sitiyari ke juyawa. In taya ba ta riƙe hanya ba, gwanintar direba ta zama banza. Wani likitan dabbobi ne mai suna John Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast cikin 1888, daga nan abin ya yaɗu. A nan Nijeriya da muna da masana'antu biyu, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja, amma ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina ƙira a 2008. Tun daga nan yawancin tayoyin motocinmu daga waje ake kawo su, mai kyau da maras kyau, sai mai saye ya tantance.

Abu na farko da za a duba shi ne, domin wane yanayi aka yi ta. A Turai da Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya, akwai tayar zafi, akwai tayar sanyi. Ta sanyi robarta mai laushi ce, an yi ta ne domin lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, alamarta kuwa ita ce zanen dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Cikin 1977 kamfanin Goodyear ya fitar da wata mai suna Tiempo wadda za a yi shekara da ita ba a sauya ba, ita ce mafarin irin da ake rubuta wa All Season, watau ta kowane lokaci. Galibi akan ga haruffan M+S a jikinta, ma'ana taɓo da ƙanƙara.

Mu kuwa ba mu da ƙanƙara. Lokutanmu da ke gwada taya biyu ne, bazara sa'ad da zafi ke kai digiri 40 kwalta ta yi kamar tanda, da damina sa'ad da ruwa ke kwanciya a kwalta, hanyar burji ta zama taɓo. Tayar zafi ko ta kowane lokaci, duk za su yi mana. Amma tayar sanyi tsantsa, irin wadda ke yawan shigowa cikin na hannu, ba tamu ba ce, gama a kwalta mai zafi takan cinye da wuri, birki ba ya kama ta sosai, motar kuma ta riƙa rangaji a kwana. A tayoyi da yawa za ku ga kalmar Turanci TEMPERATURE, da harafin A ko B ko C a gabanta. Wannan shi ne ƙarfin jimirin zafi. A ta fi, B na biye, C ce ta ƙarshe. A ƙasa irin tamu a nemi A, in ba a samu ba B.

Abu na biyu, shekarunta. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, kamar yadda takalmin roba ke bushewa ya tsage in ya daɗe a ajiye. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi layin har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 1824, an yi ta a mako na 18 na shekarar 2024. In lambobin uku ne kawai, tun kafin 2000 aka yi ta, sai dai a yi guga ko takalmi da ita. Kamfanin Michelin ya ce in taya ta shekara 5 tana aiki a riƙa kai ta gwani ya duba kowace shekara, in ta kai 10 daga ranar ƙira a cire ta ko da tana da kyan gani. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fi tsanantawa, ita shekara 4 take gargaɗi a kai. Ko wanne aka bi, kada a sayi wadda ta riga ta tsufa a shago.

Abu na uku, girma da ƙarfi. Ga misalin rubutun da ke jikin tayoyin ƙananan motoci da yawa: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne da milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. R irin saƙar cikinta ce, 15 kuwa faɗin ƙarfen da ake sa ta ne da inci. 91 na nufin iyakar nauyin da za ta ɗauka kilo 615, watau kimanin buhun masara shida, kuma nauyin motar kanta yana ciki. H na nufin iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Masu ƙera mota sukan manna takarda a jikin ƙofar direba mai nuna girman da ya dace da motar. A sayi daidai da shi, kada a yarda da "ai za ta shiga". Ku kuma tuna da kilo 615 ɗin nan ran kasuwar Batsari, in kun ga an loda buhunan rogo har bisa, an kuma cusa mutane. In kuna da zaɓi, ku jira wata motar.

Abu na huɗu, zanenta. Ramukan nan da ke jikin taya ba ado ba ne, aikinsu ɗaya da indararo, su ne ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta domin roba ta taɓa kwalta. In taya ta suɗe, ruwa ba shi da mafita, sai mota ta hau kansa ta riƙa sulɓi, birki da sitiyari su daina amsawa. A cikin ramukan akwai 'yan tudunni ƙanana da aka gitta. Ran da zanen ya cinye har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, kwanan taya ya ƙare. A duba gefenta kuma, in akwai tsaga ko kumburi kamar ƙari, kada a yi tafiya da ita ko zuwa Dutsin-Ma.

Na san za a ce sabuwa tana da tsada, gaskiya ne kuwa. Amma ku sani, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su. Waɗansu kuma akan cusa su cikin juna a jirgin ruwa domin rage kuɗin dako, wayoyin cikinsu su lanƙwashe, Hukumar SON ta sha kama irinsu. Waɗansu akan sake yanka musu zane da wuƙa a shafe su da baƙi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Yayana ya biya kuɗin taya sau biyu cikin mako guda.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, a sa su a baya, a mayar da masu dama-dama gaba. Mutane da yawa sun ɗauka gaba ya fi, amma masu ƙera taya baya suka ce. Dalili kuwa, in gaba ya zame direba yana ji a hannunsa ya rage gudu, in baya ya zame motar juyawa take yi gaba ɗaya kafin ya farga. Kada kuma a haɗa iri biyu daban a dama da hagu.

Bayan an saya, sai kula da iska. A kai wa mai faci ya auna da geji ko da sau ɗaya a wata, da sassafe kafin taya ta yi zafi. Yawan iskar da ya kamata yana kan takardar nan ta jikin ƙofa, wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Taya mai ƙarancin iska takan yi ta lanƙwasa tana zafi har ta fashe, ga shan mai. Kada a manta da safaya, kun dai ji abin da ta yi mana.

To, yaya za mu shigar da maganar? Da ladabi da dabara. Uwargida ta bari sai maigida ya ci ya huta, ta ce, "Malam, na karanta a jarida wai akwai shekarar haihuwar taya a jikinta, ko mu duba ta motarmu?" Ku kuma 'yan makaranta, ga inda iliminku zai yi rana. Ki ce, "Baba, bari in karanta maka lambar nan." Ki rubuta girman tayar da alamomin da na lissafa a takarda, ya tafi da ita kasuwa. Uba ba ya ƙin 'yar da ta tsare masa dukiya da rai.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an ce rigakafi ya fi magani. Yau da yamma in maigida ya ajiye mota, ku fita ku duba lambobi huɗun nan, wadda ta ga abin da ya shige mata duhu ta rubuto mana. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da yankinmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.