Daga Ɗangwauro zuwa Gaya: Su wa ke tsaron maganin da jama'a ke sha?

A watan Fabrairun 2024, jami'an hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, da na PCN, wato hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Nijeriya, suka garƙame shagunan magani fiye da dubu a Sabon Garin Kano. Babbar Kotun Tarayya ce ta umarci 'yan kasuwar su tattara su koma cibiyar sarin magani ta Ɗangwauro da ke kan titin Zariya. Mai sauraron rediyo a Gaya ko Ajingi zai iya ɗauka rigimar 'yan birni ce. Alhali daga kasuwar Sabon Garin masu kemis na ƙauyuka da dama suka saba saro kaya, su bi hanyar Wudil su kai wa jama'arsu.

Hujjar hukumomin ita ce a daina cinikin magani irin na tumatir da albasa, a mayar da shi wurin da masana harhaɗa magunguna za su riƙa sa ido a kansa.

Su waye waɗannan masana? Mutum ba ya zama famasis sai ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Bayero da ke Kano, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, sannan PCN ta yi masa rajista. Wata doka ta 2022 ta ƙara wa hukumar ƙarfi a kan duk mai taɓa magani, har da mai kemis. Shi mai kemis lasisinsa ƙarami ne. An yarje masa sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita, amma ba a ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba.

A tagar karɓar magani ta asibiti, irin ta Babban Asibitin Gaya, abin da majinyaci ke gani bai wuce hannu ya miƙo leda ba. Aikin yana can baya. Famasis ne ke duba takardar likita ya ga ko adadin ya dace da shekarun yaro da nauyinsa, ko magunguna biyun da aka rubuta za su yi karo da juna, ko mai juna biyu za ta iya sha. In ya ga matsala, sai ya tuntuɓi likitan kafin ya bayar.

Sai kuma bayani, wanda sau da yawa shi ne rabin waraka. Tun 2005 Nijeriya ta ajiye kulorokwin ta koma haɗin ACT domin maganin zazzaɓin cizon sauro. Nau'in da aka fi sani ana shan sa sau shida cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki idan an ci abinci mai ɗan maiƙo ko an sha madara. Da yawa suna dainawa a rana ta biyu da zarar jiki ya yi sanyi, su ajiye saura wa wani, cutar kuwa ta dawo. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma, irin su tetirasaikilin, akasin haka suke: in aka kora su da fura da nono, sinadarin kalsiyam yana riƙe su a hanji, amfaninsu ya ragu. Mai gyambon ciki da ya saba cewa "a haɗa mini na ciwon jiki" yakan koma gida da ibufurofen ko dikilofenak, waɗanda ke ƙara ɓarke gyambon. Da azumi kuma, mai ciwon suga da mai hawan jini suna buƙatar wanda zai zauna da su da likitansu a sake tsara lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki.

Ajiya ma ilimi ce. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 30, a ƙasar da bazara ke haura 40. Insulin da allurar oksitosin, wadda ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, firji suke so. Allurar da ta kwana biyu a shagon kwano tana nan da kamanninta, sai dai ƙarfinta ya tafi, kuma ungozoma ba za ta gane ba sai a gaban mai naƙuda.

Ga kuma jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Nijeriya ta ɗanɗana: a 2008 da 2009 ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara 84 saboda wani sinadari mai guba da ya shiga cikinsa. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta kuma yi suna wajen yaƙi da jabun magani, ita ma famasis ce. Amma sana'ar ba ta rasa baragurbi ba. Binciken BBC na 2018 ya nuna yadda kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, har a Kano, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Babbar matsalar yankunan karkara ita ce masanan sun taru a birni, inda ciniki da manyan asibitoci suke. Manomin Ajingi da zazzaɓi ya kayar da dare, mai kemis na bakin kasuwa zai fara tunawa. Shi ya sa aikin famasis a irin waɗannan wurare ya fi yawa a bayan fage: zaɓen abin da hukumar samar da magunguna ta jihar Kano, DMCSA, za ta saya wa asibitoci, duba shagunan kemis, da koya wa masu su abin da ya halatta su sayar da lokacin da ya kamata su ce wa mutum ya wuce asibiti. Mai saye ma yana da nasa rabon: ya duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai daina aiki, ya kuma kankare lambar sirri da ke jikin wasu kwalaye ya tura ta saƙon waya, tsarin da hukumar ta ɓullo da shi tun 2010.