Suna Linzami: Tarihin Sunayen Adireshin Intanet

Hausawa na cewa suna linzami ne. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ko ya ɗauki wayar salula ya rubuta buk.edu.ng ko google.com, to ya ja irin wannan linzami, ko da kuwa bai sani ba. Waɗannan 'yan kalmomi da ake raba su da ɗigo su ne ake kira sunayen adireshin intanet. A yau akwai sama da miliyan 350 daga cikinsu a duniya, alhali a farkon shekarar 1985 babu ko guda da aka yi wa rajista da .com. Yadda aka yi aka kai ga haka labari ne na kimiyya da kasuwanci, har ma da siyasar ƙasashe.

Lamba Kafin Suna

Ita dai kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ke haɗe da intanet tana da lambarta, alal misali 192.0.2.1, kamar dai yadda kowane layin tarho yake da tasa. Shi kuwa ɗan Adam ya fi saurin riƙe suna a kan jerin alƙaluma. Saboda haka tun zamanin ARPANET, watau kakar intanet wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1969 da cibiyoyi huɗu kacal, aka ga wajibi ne a riƙa laƙaba wa na'urori sunaye.

A wancan lokaci ana tattara sunayen da lambobinsu ne cikin kundi guda mai suna HOSTS.TXT, wanda ke ajiye a Cibiyar Bincike ta Stanford a jihar Kalifoniya. Wata mata mai suna Elizabeth Feinler ce ta shugabanci ofishin da ke kula da shi daga 1972 zuwa 1989. Wanda duk ya sami sabuwar na'ura sai ya tuntuɓi ofishin, wani lokaci ta tarho, a rubuta masa suna, sa'an nan kowace cibiya ta kwafi sabon kundin. Da na'urori suka kai ɗaruruwa sai abin ya fara gagara: kafin a gama kwafar kundin ya riga ya tsufa, ga kuma rigimar cibiyoyi biyu masu son suna ɗaya.

Daga Sarki Zuwa Mai Unguwa

A shekarar 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, tare da goyon bayan abokin aikinsa Jon Postel, ya fito da tsarin da ake kira DNS a taƙaice. Hikimar tsarin ita ce, maimakon a ɗora wa ofishi guda nauyin sanin kowa, sai aka rarraba nauyin hawa-hawa.

Abin ya yi kama da baƙon da ya sauka a wata masarauta yana cigiyar gidan wani mutum. Sarki bai san gidan ba, amma ya san hakimin gundumar. Hakimi ya tura shi wurin dagaci, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa, shi kuwa mai unguwa ya nuna masa ƙofar gidan. Haka kwamfuta take yi idan an ba ta suna irin buk.edu.ng. Daga dama take fara karanta shi zuwa hagu, kamar mai karanta ajami. Da fari takan tambayi manyan na'urorin tushe, waɗanda ke amsa sunaye 13 daga harafin A zuwa M, ko da yake kwafinsu ya haura dubu a sassan duniya. Su sai su nuna mata masu kula da .ng, watau Nijeriya. Daga nan a gangara zuwa .edu, sashen makarantu, har a iso ga buk, Jami'ar Bayero ta Kano, inda za ta karɓi lambar da take nema. Yawanci duk wannan zirga-zirga ba ta cika daƙiƙa guda ba.

Sunayen Farko

An fara amfani da ɗafa-ƙeyar .com da .edu da .gov da .mil da .net da .org a shekarar 1985. Ranar 15 ga Maris na wannan shekara wani kamfanin ƙera kwamfuta na jihar Massachusetts ya yi rajistar symbolics.com, wanda shi ne .com na farko a tarihi. Har shekarar ta ƙare sunaye shida kaɗai aka yi wa rajista da .com. Kamfanin ya durƙushe daga baya, amma sunan yana nan, an ma sayar da shi a 2009.

Shekara goma ana ba da sunaye kyauta, kuma wanda ya riga shi ke ɗauka. A 1994 wani ɗan jarida mai suna Joshua Quittner ya lura cewa kamfanin abincin nan na McDonald's bai damu da mallakar sunansa ba, sai ya yi wa mcdonalds.com rajista. Bai mayar musu ba sai da suka yarda za su ba wata makaranta gudummawar kuɗi. A watan Satumba na 1995 aka fara karɓar dala 100 kuɗin rajistar shekara biyu. Daga nan sunaye suka zama haja: an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5 a 1999, voice.com kuwa dala miliyan 30 a 2019.

Sai dai fa suna haya ake yi, ba mallaka ta har abada ba. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft ya yi sakacin sabunta passport.com, abin da ya hana ɗimbin masu amfani da Hotmail buɗe wasiƙunsu, har sai da wani bawan Allah da ba ma'aikacinsu ba ya biya musu dala 35.

Kowace Ƙasa da Haruffanta

Ban da waɗannan, an ba kowace ƙasa ɗafa-ƙeya mai haruffa biyu, bisa wani jadawalin ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 3166. Nijeriya ta sami .ng a 1995, kuma an kafa ƙungiyar NiRA a 2005 don kula da ita. Nijar na da .ne, Gana .gh, Sudan .sd. Chadi ta sami .td domin da Faransanci Tchad ake rubutawa, Jamus .de daga Deutschland. Birtaniya kuwa .gb ya kamata ta ɗauka bisa jadawalin, amma ta riƙe .uk da ta saba da ita.

Siyasa ma takan bar sawunta a nan. An ba Tarayyar Sobiyet .su a 1990, ƙasar ta wargaje a 1991, amma aka ci gaba da amfani da ɗafa-ƙeyarta shekaru da dama bayan haka. Ita kuwa .yu ta Yugosilabiya an soke ta a 2010, kamar yadda .zr ta Zayar ta ba .cd wuri bayan ƙasar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango.

Wasu ƙasashe kuma tsuntsu ne ya faɗo musu daga sama gasasshe. Tuvalu 'yar ƙaramar ƙasa ce a tekun Fasifik, faɗinta murabba'in kilomita 26, mutanenta kimanin 11,000. Haruffanta su ne .tv, waɗanda suka yi daidai da yadda ake taƙaita talabijin a harsuna da yawa. A shekarar 2000 ta ƙulla yarjejeniyar kimanin dala miliyan 50 na tsawon shekara 12 da wani kamfani, kuma a wannan shekara ce ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Haka nan tsibirin Anguilla da ke yankin Karibiyan, mai .ai, ya sami kusan dala miliyan 32 a 2023, saboda haruffan sun dace da taƙaitaccen sunan ƙirƙirarriyar basira a Turanci. Kamaru kuwa tata .cm ta jawo 'yan damfara, domin duk wanda ya tsallake harafin “o” wajen rubuta .com, can zai faɗa.

Wa Ke Riƙe da Linzamin?

Shekaru masu yawa Jon Postel ne ke kula da rabon ɗafa-ƙeyar ƙasashe, har ya rasu a watan Oktoba na 1998. A wannan shekara aka kafa hukumar ICANN a Kalifoniya, ƙarƙashin sa-idon gwamnatin Amurka. Ƙasashe da dama sun daɗe suna ƙorafin cewa bai dace ƙasa guda ta riƙe abin da duniya duka ta dogara da shi ba, kuma sa-idon ya ƙare ranar 1 ga Oktoba, 2016.

Akwai kuma batun harshe. Tsarin asali bai yarda da komai ba sai haruffan Turanci 26 da alƙaluma 10 da karan-ɗori, kuma kowane yanki na suna ba zai wuce harafi 63 ba. Ke nan babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ, don haka “ƙasa” da “kasa” suka zama abu guda. A 2003 aka samar da dabarar mayar da irin waɗannan haruffa zuwa wani rubutu da ke farawa da xn-- wanda na'ura ke ganewa, sa'an nan a 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami ɗafa-ƙeya da haruffan Larabci. Nahiyar Afirka ma ta sami .africa a 2017.

Kammalawa

Ɗalibin da ya fahimci wannan tsari ya sami garkuwa, musamman a lokacin neman gurbin karatu ko duba sakamakon jarrabawa, sa'ad da shafukan bogi kan yawaita. Mai adireshi na gaskiya a ɓangaren dama na suna yake. Alal misali, buk.edu.ng.example.com ba na Jami'ar Bayero ba ne ko kaɗan, na mai example.com ne, sunan da aka keɓe musamman don ba da misali. Saboda haka kafin a shigar da lambar sirri ko a biya kuɗi, wajibi ne a tsaya a karanta sunan tun daga ƙarshensa, harafi bayan harafi.